Mai kayan sauti, kafin ka zuba kuɗinka

Masu karatu, wannan mako zancenmu na masu ba da hayar kayan kiɗan buki ne. Shin dije na bukatar kwamfuresa, na'urar da ke danne amo mai ƙarfi don ya kusanci mai rauni? Ga waƙoƙi, a'a: tun a situdiyo an matse su, ƙarin matsi armashinsu yake kashewa. Amfaninta na ga makirufo, inda muryar sanƙira ke hawa da sauka. Mai kare amsa-kuwwa kuwa ita ce limita, wadda ke hana amo ƙetare iyaka. Ita za ka fara saye, domin amsa-kuwwa guda in ta ƙone, ribar bukukuwa da dama ta tafi. In jar fitila ta kama, a rage murya.