Wifi Zone: antanonin da ke kan rufin gidajenmu suna da takarda kuwa?

Duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya ga sandunan ƙarfe a kan soraye, kowace da farin akwati a bisanta. Da maraice samari sun yi dafifi a gindin bango, kowa da tikensa na dala ashirin, kai a sunkuye kan salula. Sana'ar Wifi Zone ke nan. Ta ƙara bunƙasa tun da gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Starlink a watan Oktoban 2024, kamfanin kuma ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025.

Yadda abin yake: faranti ɗaya ne ke kamo intanet daga tauraron ɗan Adam, sai a kafa ƙananan akwatuna gida-gida, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa gaba, kamar saƙar taru. In ɗaya ya mutu, saƙon ya bi ta wani. Dabara ce mai kyau ga garuruwanmu, inda kebul bai kai ko'ina ba. Amma kowane akwati daga cikinsu rediyo ne, yana watsawa yana karɓa. Mu da ke aikin rediyo mun san ba a hawa mita sai da izni.

Dokar sadarwa mai lamba 2018-45 ta ranar 12 ga Yulin 2018 ita ce ta tsara wannan fanni, hukumar ARCEP kuma ke sa ido. Takardu biyu ne ake magana a kansu, jama'a na yawan haɗa su. Ta farko ta na'urar ce kanta: sai hukuma ta amince da samfurinta kafin a saida ta ko a yi aiki da ita a ƙasar. Ta biyu ta mai sana'ar ce, don saida wa jama'a intanet kasuwancin sadarwa ne. Shi kansa Starlink, abonomansa na gida bai yarda a sake saidawa ba.

Ta farkon ce aka fi mantawa, alhali nan matsalar take. Yawancin kayan nan, MikroTik, Ubiquiti, TP-Link, ta Kano da Katsina ko ta Dubai suke shigo mana, an saita su ne don wata ƙasa. A zangon 2.4 GHz, Amurka na aiki da tashoshi 11, Turai da 13. Turai ta tsaida ƙarfin watsawa a miliwat 100, Amurka ta yarda da abin da ya ninka haka sau da yawa. Tambarin CE ko FCC da ke jikin kwali shaidar can ce, ba ta Yamai ba. To mai kafa antan ya zaɓi ƙasar da ta fi ba shi ƙarfi a cikin saiti, ya buɗe har ƙarshe don ya danne maƙwabcinsa. Maƙwabcin ma ya yi haka. Tashoshi uku ne kacal ba su hawa kan juna a wannan zango, saboda haka in Wifi Zone shida sun haɗu a layi guda, kowa ihu yake, babu mai jin wani. Mai tike ya ce rezo babu kyau, ya zagi Starlink, bayan laifin na kan rufi. A zangon 5 GHz kuma akwai mitocin da ake rabawa da radar hasashen yanayi, na'ura ta ƙwarai kan kauce da kanta in ta ji radar; wadda aka taɓa wa saiti ba ta kaucewa.

Ga wani abin da masu saida kaya ba su faɗa: in akwatin rediyo ɗaya gare shi, duk miƙawa ɗaya tana cinye kusan rabin gudun intanet ɗin. Gida na huɗu a layin sai dai ya tura saƙon murya.

Kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms suna biyan lasisi da haraji, suna kuma rajistar kowane layi da takardar shaidar mai shi. Ƙorafin cewa wasu na saida intanet ba tare da ko ɗaya daga ciki ba, yana da tushe, balle a wannan hali na tsaro. Sai dai a ganinmu kwashe antanoni ba zai magance komi ba. Mutane sun je gindin bango ne saboda kuɗin forfe ya fi ƙarfinsu, samarin da suka zuba jarinsu a panno da batir kuma ba su da wani aikin.

Abin da muke jira daga ARCEP shi ne jerin na'urorin da ta amince da su, a manna shi a kasuwa da ofisoshin duwan na Ɗan Isa da Magarya, a fassara ƙa'idar ƙarfin watsawa da Hausa da Zabarmanci, sannan a sa kuɗin izni daidai da aljihun mai antan uku. In sai an je Yamai kafin a samu takardar, mutumin Tasawa ba zai je ba.