Wayar salula da iyalan masuntan Haɗejia da ke Tafkin Chadi

A garuruwan da ke bakin kogin Haɗejia, irin su Guri da Kirikasamma da Auyo, tafiyar magidanta zuwa su a Tafkin Chadi daɗaɗɗiyar al'ada ce. Abin da ya sauya cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce shi ne yadda iyalansu ke samun labarinsu, da kuma fassarar da ake yi wa shiru idan labarin ya yanke.

Ruwan ne da kansa ya shata musu hanya. Kogin Haɗejia na haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gashuwa da Geidam har ya faɗa tafkin. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun yankin kowace damina ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Masunci na bin kifi ne, don haka da yawa suka ɗauki komarsu da gurarsu suka nufi Baga da Doron Baga, wasu suka zarce tsibiran da ke ɓangaren Nijar da Chadi da Kamaru.

A wancan zamani direbobin motocin kifin banda su ne gidan waya. Su ke kawo wasiƙa, da saƙon baki, da kuɗin cefane ƙulle a leda, wani lokaci har da kaset ɗin da maigida ya naɗi muryarsa. Mace kan yi wata uku ko huɗu ba ta ji ɗuriyar mijinta ba, kuma ba wanda zai ce wani abu ya faru.

Zuwan GSM

A watan Janairun 2001 ne hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agustan shekarar kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. Kafin nan layukan waya da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba.

Da farko abin na masu hali ne, domin ana cajin naira 50 a kan kowane minti, sai da Globacom ya shigo a 2003 da tsarin caji bisa daƙiƙa farashi ya fara karyewa. Talaka ya samu shiga ne ta hannun masu sana'ar buga waya a ƙarƙashin lema, inda ake aika yaro ya kira matar gida ta zo ta jira kira. Jama'a kuma suka ƙirƙiro dabarunsu: filashin sau ɗaya na nufin ana lafiya, kuma masunci kan sayi katin waya ya karanto lambobinsa ga wani a gida, a sayar a ba iyalinsa kuɗin. Wannan ita ce hanyar aika kuɗi ta waya tun kafin bankuna su farga.

Fa'idar ba ta tsaya ga gaisuwa ba. Dillalin da ke kasuwar kifi ta Haɗejia na iya jin farashin kwali a bakin tafki kafin mota ta taso, shi ma masuncin ya san abin da ake sayarwa a gida, wanda hakan ya rage yadda ake yi masa sayen wulaƙanci.

Sai dai tafkin na ƙasashe huɗu ne, kowacce da kamfanoninta. Bayan hukuncin kotun duniya na watan Oktoban 2002, Najeriya ta miƙa wa Kamaru Darak da wasu ƙauyuka fiye da talatin a ƙarshen 2003, kuma Hausawan da ke zaune a can suka wayi gari a ƙasar waje ba tare da sun gusa ko taku ɗaya ba. A 2007 kamfanin Celtel ya shigar da Najeriya da Nijar da Chadi cikin tsarinsa na amfani da layi ɗaya a ƙasashe da dama, amma ba ya aiki a Kamaru. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga masunci da layuka biyu ko uku a aljihu, yana sauyawa gwargwadon inda kwalekwale ya kai shi.

Ranar da layi ya ɗauke

Rikicin Boko Haram ne ya nuna cewa igiyar da ta haɗa masuncin da gidansa ba a hannunsa take ba. A watan Satumban 2012 'yan ƙungiyar suka kai hare-hare kan turakun sadarwa a jihohi da dama na arewa, bisa zargin cewa kamfanonin na taimaka wa jami'an tsaro wajen gano maɓoyarsu.

A watan Mayun 2013 kuma, bayan da shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sojoji suka sa aka rufe layukan waya a jihohin uku. An dawo da na Adamawa da Yobe a watan Yuli, na Borno kuwa ya ɗauki watanni kafin ya daidaita, aka kuma haramta amfani da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a jihar. Jigawa ba ta cikin dokar, wayoyin mutanen Haɗejia na aiki lafiya lau, amma waɗanda suke son kira ne ba sa samuwa. Hakan ya zo ne makwanni kaɗan bayan mummunan artabun da aka yi a Baga a watan Afrilu.

Hujjar sojoji ita ce 'yan bindiga na tsara hare-hare ta waya. Masu sukar matakin kuma na cewa ya toshe hanyar da farar hula ke kai rahoto ko neman ɗauki. Duka maganganun biyu na da ƙamshin gaskiya, amma ba a cika lissafawa da ɓangare na uku ba, wato iyalan da ke nesa da fagen daga, waɗanda suka riga suka saba da jin murya kowane mako. Shirun wata uku da a da ba ya tayar da hankalin kowa, yanzu na kwana uku ma kan hana gida barci.

Lamarin ya ƙara muni a watan Janairun 2015 da Baga ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, sannan a watan Mayun shekarar hukumomin Nijar suka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin bayan harin Karamga, cikinsu har da masunta 'yan Najeriya masu yawa da aka tsallako da su ta Geidam. Ga wanda ya rasa wayarsa a gudun, lambar da ya haddace a ka ita ce kaɗai hanyar shaida wa gida cewa yana raye.

Waɗanda suka koma su daga baya sun tarar da wata matsalar. A inda 'yan bindiga ke karɓar haraji, waya a aljihu na iya jawo wa mutum zargin leƙen asiri, kuma an sha kashe masunta bisa wannan zargi. A shingen jami'an tsaro ma ana iya bincika lambobin da ke cikinta. Don haka wani kan bar wayar a gari da gangan, kuma iyalinsa ba su da hanyar bambance shirun taka-tsantsan da na mutuwa.

Ba masunta kaɗai ke cikin wannan hali ba. Rundunar sojin ruwan Najeriya na da sansani a Baga, wanda aka kai wa hari a watan Disambar 2018, kuma iyalan sojojin ma da wayar suka dogara.

Abin da ke gaban alƙali

Batun na da nasaba da shari'a. A mazhabar Malikiyya da kotunan yankin ke bi, matar da mijinta ya ɓace za ta kai ƙara, a yi cigiya, idan ba a same shi ba a ɗiba mata shekara huɗu sannan ta yi takaba, matuƙar akwai abin ciyar da ita daga dukiyarsa. Idan babu, tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da wannan dogon jira ba. Rabon gado kuwa na da nasa hukuncin, mai ɗaukar lokaci fiye da haka.

A nan kira guda ɗaya na iya sauya komai, domin wanda aka ji muryarsa ba ɓatacce ba ne. Amma kuma layin da aka daina amfani da shi na tsawon watanni kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani, ta yadda mace za ta buga lambar mijinta ta ji baƙuwar murya. Umarnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa da gwamnati ta bayar a watan Disambar 2020, da toshe kiran waɗanda ba su yi ba daga Afrilun 2022, ya fi ƙuntata wa irin waɗannan mutane da ke kwana a kan ruwa, nesa da duk wata cibiyar rajista.

A matakin duniya an fara ɗaukar magana da gida a matsayin haƙƙin ma'aikacin ruwa. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, an yi mata gyara a 2022 da ya buƙaci masu jirage su samar wa ma'aikatansu hanyar sadarwa, har da intanet gwargwadon iko, kuma gyaran ya fara aiki a watan Disambar 2024.

Sai dai yarjejeniyar ta ware jiragen kamun kifi da na gargajiya da na yaƙi daga cikin waɗanda ta shafa. Ma'ana, ba ta haɗa da masuncin Guri da ke cikin kwalekwale a Tafkin Chadi ba, haka ma sojan ruwan da ke sintiri a kusa da shi.