Lanhon gida: gunaguni a kasuwa ba ya rage ko dala

Duk lokacin da takardun harajin gidaje suka fito, magana guda ce ke yawo a kasuwar Tahoua ran Lahadi: an yi mana ƙari. Ɗan kasuwa ya naɗe takardarsa ya jefa a aljihu. Ma'aikaci kuwa ya shiga neman wani tsohon abokin lakwal a ofishin haraji, wai ya duba masa. Daga nan sai shiru, har ranar da tara ta hau kan uwar kuɗi.

Mu a ganinmu wannan shirun ne ke mai da kuskuren alƙalami ya zama bashi. Ba bisa kyan ƙofa ake yanka lanhon gida ba. Ma'auninsa shi ne kuɗin hayar da gidan ke kawowa, ko zai iya kawowa, a shekara. A nan ne Adar ke da tata matsala. Sanin kowa ne cewa gidajen siminti da yawa, a sababbin unguwannin Tahoua da garuruwa irin su Barmu da Kalfu da Afala, gumin ƴan ci-rani ne na Abijan da Libiya. Mai gidan na can, tsohuwarsa da matarsa na ciki, babu ɗan haya ko ɗaya. Jami'in da ya tsaya daga waje ya ga siminti da kwano yana iya rubuta shi gidan haya, alhali dokar haraji ta 2012 ta keɓe gidan da mutum ya ajiye iyalinsa. Sa'an nan hayar Tahoua ba hayar Yamai ba ce.

Wanda ya ga an yi masa nauyi, ya rubuta. Ya kai wa hukumar haraji ta jihar takardar koke, haɗe da kwafin takardar lanhon, da yarjejeniyar haya da rasiɗai in akwai, ko shaidar cewa iyalinsa ne a ciki. Kada ya fita ofishin sai an buga masa hatimi da kwanan wata a kan nasa kwafi, domin koke yana da wa'adi, kuma gajere ne. Ya sani kuma cewa koke shi kaɗai ba ya tsai da biya: sai ya nemi jinkiri a rubuce, ya zuba abin da bai musanta ba. In amsa ba ta gamsar da shi ba, akwai kwamitin sasanta rigingimun haraji, CARFI, a Yamai, bayansa kotu. Goron da aka ba wani a bayan ofis kuwa ba ya goge suna daga rajista. Baɗi takardar za ta dawo.

Hukuma ma tana da nata nauyi. Ba a manta da kasafin kuɗin 2018 ba, wanda ya fito da jama'a kan titi, har aka kama su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika ranar 25 ga Maris na shekarar. A Afrilun 2024 an rushe majalisun gundumomi, talaka ya rasa zaɓaɓɓen wakilin da ya saba kai wa kuka. Saboda haka muke kira ga hukumar haraji ta Tahoua da ta riƙa nuna lissafinta filla-filla a kan kowace takarda, ta kuma bayyana wa'adin koke da Hausa da Tamashek a gidajen rediyo, kafin ta aika da takardun bana.