Zumunta a Ƙafa Take: Kira ga Ɗaliban Hausa Mu Koma Kan Keke

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in kawo wata shawara wadda na san waɗansu za su yi mata dariya tun kafin su kai ƙarshenta. Shawarar kuwa ita ce, mu riƙa taruwa a ƙarshen mako, kowa da kekensa, mu fita ƙauyukan da ke kewaye da mu, mu wuni tare da mutanensu, mu komo kafin magariba.

Wannan abu ba sabo ba ne a duniya. A ƙasar Ingila, cikin shekarar 1894, waɗansu samari masu kishin ma'aikata suka kafa ƙungiyar mahaya keke mai suna Clarion a birnin Bamingam. Da hutun Ista na 1895 ya zo, sai rassanta na garuruwa dabam-dabam suka haɗu a wani ƙaramin gari da ake kira Ashbourne, abin kuwa ya zama al'ada shekara da shekaru. Ba tsere ya tara su ba. Nufinsu shi ne su bar hayaƙin masana'antu, su shiga karkara tare, su ci abinci tare, su kuma isar da ra'ayinsu ga mutanen ƙauye. To, idan keke ya kai su karkara don su faɗi abin da suka sani, mu kamata ya yi ya kai mu don mu ji abin da ba mu sani ba.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A da, lokacin da ake ce masa basukur, shi ne dokin malamin makaranta da malamin gona da ɗan koli, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a nan Kano. Amma tun daga kuɗin Udoji na 1975, sa'ad da ma'aikata suka rungumi babur da mota, sai ɗan boko ya fara ganin hawan keke kamar shaidar rashi ce. Wannan raini shi muka gada. Ko da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya gagari da yawa daga cikinmu, na ga ɗalibin da ya gwammace ya taka da ƙafa cikin rana da a gan shi bisa keke a ƙofar jami'a.

Sai dai ba tsadar mai ce hujjata ba. Hujjata ita ce karatun da ya tara mu a wannan sashe. Mu ne masu nazarin harshe da adabi da al'adun Hausawa, amma nawa ne daga cikinmu za su iya bambance gero da maiwa a gona, ko su faɗi mene ne huɗa, mene ne maimai? Mun haddace ma'anar karin magana da kirari daga allo, alhali masu su na nan kusa da mu, a Janguza da Tofa da Rimin Gado. Maƙera da masaƙa da marinan Kura ba za su zauna har abada suna jiranmu ba. Duk tsohon da ya kwanta dama ba mu ji daga bakinsa ba, ya tafi da abin da babu shi a ɗakin karatu.

Abin da muka saba yi shi ne, sai shekarar ƙarshe ta zo, kundi ya matso, sa'an nan ɗalibi ya yi shatar mota ya dira ƙauye da takardar tambayoyi. Dattijo na ganinsa sai ya ɗauka ma'aikacin hukuma ne ko ɗan siyasa, ya ba shi amsa gajeriya, ya sallame shi. Amma wanda ya iso bisa keke, da ƙura a ƙafa, baƙo ne da za a ba ruwa a shimfiɗa wa tabarma, domin abin hawansa irin na mai gida ne. In ya komo sau biyu, sau uku, ya zama ɗan gida, kuma ɗan gida ake buɗe wa ciki.

Na san za a ce hanya ba lafiya, ga rana, ga rashin kekuna. Maganar tsaro gaskiya ce, bai kuwa kamata a yi wasa da ita ba. Saboda haka kada a wuce ƙauyukan da aka tabbatar da zaman lafiyarsu, a sanar da sashe, a aika wa dagaci tun kafin ranar, a tafi a ayari, a kuma kauce wa manyan tituna inda direbobi ba su ganin mai keke da gashi. Rana kuwa, maganinta sammako. A tashi bayan asuba, a huta da azahar, a fi ba da ƙarfi lokacin kaka da hunturu. Wanda ba shi da keke ya ara ko ya yi haya. Waɗanda ba su hawa, maza ko mata, su biyo a mota ɗaya da ruwan sha da famfo da kayan faci.

Sharuɗɗa biyu kawai zan roƙa. Na farko, ban da tsere: tafiyar mafi rauni ita ce tafiyar ayari, domin sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, kada mu zama masu karɓa kullum. Mu riƙe goronmu, abin da muka rubuta kuma mu koma mu karanta wa masu shi, su gyara mana inda muka kuskure.

Ina kira ga shugabannin Ƙungiyar Hausa da su sa wannan magana a taronsu na gaba. Ko mutum goma aka samu a Asabar ta farko, sun isa a buɗe hanya. Allah ya sa mu dace, amin.