Abin Da Baƙo Ke Gani A Makarantun Sin

Tun kaka da kakanni, in Bahaushe zai kwatanta wuri mai nisa da ake zuwa neman ilmi, sai ya ce birnin Sin. Yau nisan ya ragu ƙwarai. Tun 1963 gidan rediyon Sin yake magana da Hausa, a 1971 kuma Nijeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci. Ɗalibanmu da malamanmu suna zuwa suna komowa, kuma in ka saurare su, kusan labari guda suke bayarwa.

Labarin kuwa na tsari ne. Baƙon da aka kai makarantar firamare a can zai ga yara sun yi sahu ran Litinin da safe ana ɗaga tuta. Malami na shiga aji, duka su miƙe su gaishe shi baki ɗaya. Da hantsi a fito fili a motsa jiki, kowa hannunsa na tashi tare da na ɗan'uwansa. A cikin aji kuma akwai 'yan mintocin da ake sa kiɗa, yara su rufe ido su murza gefensa da yatsu don ya huta. Su ne ke share ajinsu bi da bi. Kafin yaro ya gama shekara 9 ta karatun dole, ana so ya san haruffan rubutunsu wajen 3,500. Wanda ya ga haka yakan komo yana cewa ai ladabi ne sirrin mutanen nan.

To, amma fa baƙo ko da ido makaho ne. Jama'a, wane yaro ne a Sakwa, cikin ƙaramar hukumar Zaki, bai san zuwa makaranta da tsintsiya ba? Wane ne bai san durƙusa wa malami ba? In ladabi ne, ƙasar Katagum ba ta bukatar aro. Doka ma muna da ita: Sin ta kafa dokar karatun dole na shekara 9 a 1986, mu kuma muka kafa tamu a 2004, ita ma shekara 9. Bambancin yana can ƙauye, inda ba safai ake kai baƙo ba.

Abu na fari shi ne malami. Dokar malamai ta 1993 ta ce kada matsakaicin albashinsu ya gaza na ma'aikatan gwamnati. A 2006 kuma suka fito da wani shiri, watau a ɗauki waɗanda suka gama jami'a a tura su makarantun karkara, gwamnatin tsakiya ta ɗauki nauyin albashinsu har shekara 3, daga nan wanda ya cancanta a tabbatar masa da aiki. Mu nan Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare tana yaye malamai kowace shekara. Amma saurayin da aka ba shi ƙauye, babu ɗakin kwana, babu ƙarin ko sisi, ga hanya takan yanke da damina, me zai hana shi neman hanyar komawa birni?

Na biyu shi ne abinci. Tun 2011 Sin take ciyar da yaran makarantun karkara, aka fara da yuwan 3 kan kowane yaro a yini, a 2021 aka kai 5. Namu shirin ciyarwa da aka soma a 2016 ya yi ta tuntuɓe, har aka dakatar da shi a farkon 2024. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yaron da ya fito gida bai karya kumallo ba, ko alli na zinariya ne, ba zai fahimci lissafi ba.

Sai dai kuma ba duk abin da ke can ne abin sha'awa ba. Jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, wadda aka maido a 1977, ta zama dodo ga gida duka. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta. Yara na karatu har tsakar dare, kuma binciken hukumar lafiyarsu na 2020 ya nuna fiye da rabin yara da matasa ba sa gani daga nesa sosai. Abin ya kai a 2021 gwamnati da kanta ta rage aikin gida, ta kuma taka wa masu darasin kuɗi burki. Wannan kaya ne da bai kamata mu ɗauko ba.

Saboda haka, duk jami'in da zai tafi ziyarar gani da ido, ya roƙi a fitar da shi daga Beijing a kai shi makarantar ƙauye, ya tambayi malami nawa ake biyansa, yaushe ake biya, ina kuma yake kwana. In ya komo, ya je Sakwa ya yi wa malamin can tambayoyin nan uku. Iyaye kuma, da hakimai da dagatai, su sa ido a kan wanda aka turo ko yana zuwa aji, su kuma sama masa masauki. Allah Ya sa mu dace, amin.