A Kashe Kuɗi Kan Yarukanmu Tun Tsofaffi Suna Da Rai

A zangon karatu na biyu na wannan shekara na ba 'yan aji uku wani ɗan aikin gida wanda na ɗauka mai sauƙi ne. Na ce kowa ya rubuto mini sunayen itatuwa goma da yaren gidansu. Sa'ad da aka kawo littattafai, sai na tarar yawancinsu Hausa suka rubuta: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai babana ma bai sani ba, ya ce sai mun je ƙauye mu tambayi kaka." Muka yi dariya. Amma da na koma gida na zauna in gwada da kaina, a na shida na tsaya. Mahaifiyata ta san su duka, har da wanda ake jiƙa ɓawonsa domin ciwon ciki. Yau shekara huɗu ke nan da rasuwarta, ba kuwa wanda ya rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta.

Abin da ya sa ke nan na zaɓi in yi magana a kan kuɗin da ake kashewa domin bincike da adana harsunan da suke bakin mutuwa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, aikin nan ya cancanci a kashe masa kuɗi yanzu, kuma bai kamata mu bar wa baƙi nauyinsa su kaɗai ba.

Masana sun ƙiyasta cewa akwai harsuna wajen 7,000 a duniya, fiye da 500 daga cikinsu a Nijeriya suke. Da yawa kuwa a nan yankinmu suke, wato Filato, Bauci, kudancin Kaduna, Adamawa da Taraba, inda za ka bar ƙauye ɗaya ka shiga na gaba ka ji an sake baki. Tun a shekarar 1992 wani masanin harsuna na Amurka, Michael Krauss, ya yi gargaɗi cewa mafi yawan harsunan duniya suna iya mutuwa ko su kama hanyar mutuwa kafin ƙarshen ƙarnin da muke ciki. Kada mu ɗauka labarin wata ƙasa mai nisa ne. Harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya mutu tsakanin 1920 da 1940, jikokin masu shi Hausa suke yi. Haka harshen Kubi a Bauci, haka na Auyokawa da Teshenawa a Jigawa. A Adamawa kuma mutanen Holma sun bar nasu sun koma Fulatanci.

Yare ba ya mutuwa rana ɗaya. Kaka tana jin yare kaɗai. 'Ya'yanta suna jin yare da Hausa. Jikoki suna ji amma ba su iya mayarwa. Tattaɓa-kunne kuwa sai gaisuwa da zagi kaɗai suka rage masa. Ku duba gidajenku, ɗalibai, ku ga a wane mataki kuke.

To, mene ne aikin adana harshe, me kuma ya sa yake cin kuɗi? Mai bincike yakan je ƙauye ya zauna watanni. Yakan ɗauki muryar tsofaffi da hotonsu suna ba da tatsuniya, suna bayyana yadda ake noma da farauta da aure da jana'iza, suna kiran sunayen tsuntsaye da ganyayen magani. Bayan haka sai ya zauna da ɗan gari su rubuta abin da aka faɗa kalma kalma, su fassara. Maganar minti biyar takan ci yini guda, gama yawancin yarukanmu suna da karin sauti, kalma ɗaya takan sake ma'ana in an ɗaga murya ko an sauke. Sai a tsara haruffa, a haɗa ƙamus, a rubuta nahawu, a buga ɗan littafin koyon karatu domin yara. Duk wannan yana bukatar na'urar ɗaukar magana, kwamfuta, kuɗin mota, da ladan dattijon da ya bar gonarsa ya zauna da kai. Yana kuma bukatar ma'ajiya mai kyau, domin kaset da faifai sukan lalace.

Wa yake biya? In za mu faɗi gaskiya, mafi yawan kuɗin daga ƙetare yake zuwa. A shekarar 2000 gidauniyar Volkswagen ta Jamus ta fara wani babban shiri na ɗaukar nauyin irin wannan bincike. A 2002 aka kafa shirin ELDP a Landan da kuɗin gidauniyar Arcadia, a 2021 kuma ya koma birnin Berlin. Shirin yakan ba masu bincike tallafi, ya ajiye abin da suka ɗauko inda za a iya saurarensa ta intanet. Cikin harsunan Nijeriya da suka amfana akwai Cicipu, yaren Acipawa na Kebbi da Neja. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe shekarun 2022 zuwa 2032 domin harsunan asali. Mun gode wa waɗannan mutane ƙwarai. Amma kuɗinsu na duniya duka ne, mai nema daga Filato yana takara da na Indiya da na Burazil. In yare goma ya samu cikin ɗari biyar, sauran fa? Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hausar nan da nake rubutu da ita misali ce mai kyau. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin zuwan Turawa, amma yaɗuwar rubutun boko sai da aka kashe kuɗi. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin babban ƙamus na G. P. Bargery da ya fito a 1934. Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. 'Yan mishan kuma suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Abin da aka yi wa Hausa ya yi kyau, ya kamata a yi wa ƙananan yaruka ko da kaɗan daga cikinsa.

Na san abin da waɗansu za su ce, gama wani abokin aikina ya faɗa mini a ɗakin malamai. Ya ce mutane suna fama da yunwa, asibiti ba magani, ni kuma ina maganar ɗaukar muryar tsohuwa. Maganarsa tana da nauyi, ban kuwa ce a rage kuɗin asibiti ba. Amsata ita ce, hanyar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi, amma dattijon da ya rasu bana ya tafi da abin da ke bakinsa har abada. Kuɗin kuma ba mai yawa ba ne in an gwada shi da abin da muke kashewa a bukukuwa. A shekarar 1854 wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya buga jerin kalmomi na harsuna fiye da ɗari da ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo. Har yau masana suna komawa ga littafin nan domin su san yadda waɗansu yarukan Nijeriya suke a dā. Aikin mutum ɗaya ke nan.

Waɗansu kuma za su ce ƙamus ba ya rayar da yare. Gaskiya ne. Yare a bakin yara yake rayuwa, in iyaye sun ƙi yi da 'ya'yansu ba kuɗin da zai cece shi. Amma in an adana shi, jikan da ya so komawa wata rana zai sami abin kamawa. Bajawe na yau ba shi da wannan dama.

Mu 'yan ikkilisiya muna da namu alhakin. Hausa ta haɗa kanmu, da ita muke sujada da wa'azi da waƙoƙin zumuntar mata, da ita Babirom da Basaye da Bajju suke zama a benci ɗaya. Ba na ƙin wannan. Amma a ƙauyuka da yawa inda kowa da kowa yare ɗaya yake ji, mun mai da Hausa harshen addu'a, yare kuwa na kasuwa da wasa, har yara suka ɗauka Allah ba ya jin yarensu. Sura ta biyu ta Ayyukan Manzanni kuwa ta nuna mana cewa ranar Fentikos kowa da harshensa ya ji. Tun 1976 ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya da ke Jos take aiki kan yarukanmu, duk inda aka yi fassara kuwa an bar haruffa da littafin karatu. Ya kamata mu tallafa, mu kuma faɗaɗa aikin ya haɗa da tatsuniya da tarihi da sanin magani.

Ga shawarata. Gwamnati tana da Cibiyar Harsunan Nijeriya a Aba tun 1993, tana kuma da asusun TETFund mai ba manyan makarantu kuɗin bincike. A keɓe wani rabo sananne kowace shekara domin yarukan da masu jinsu suka ragu, a fara da waɗanda tsofaffi kaɗai suke yi. Ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu su rage kuɗin anko da rumfuna a bikin shekara, su ɗauki nauyin ɗansu guda ya karanta ilimin harsuna ya dawo ya yi aiki a gida. Majami'u su ba da baikon Lahadi ɗaya a shekara. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta saya wa makaranta na'urar ɗaukar magana ko da guda biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ɗalibai, ba sai kun jira kowa ba. A hutun nan ku ari wayar gida, ku nemi izinin kaka, ku zauna ta yi muku tatsuniya da yare daga farko har ƙarshe. Ku rubuta sunanta da ƙauyenta da kwanan wata, ku kawo mu ajiye a laburare. 'Yan aji shida masu fita bana, cikinku muna fata a sami wanda zai rubuta ƙamus na farko na yarensa. 'Yan aji uku kuwa, aikin itatuwa goma yana nan, zan karɓa ranar da aka dawo hutu. Ni ma zan je ƙauye in cika nawa wurin gwaggona tun tana da rai. Allah ya taimake mu, amin.