A Gina Shafi Domin Mai Ƙaramar Waya

A watan jiya wata ɗalibata ta shigo ofishina ranta a ɓace. Kwana uku ta shafe tana fama da wani shafin intanet na neman tallafin karatu. Sau biyu tana kaiwa matakin ƙarshe sai sadarwa ta yanke, duk abin da ta cike ya goge. A karo na uku shafin ya ƙi karɓar sunanta, don yana ɗauke da alhamza irin ta Sa'adatu ko Mu'azu. Dole ta cire alamar, yanzu kuma tana fargabar a ce sunan bai dace da na takardun shaidarta ba.

Wannan ya sa na ga ya kamata mu tattauna ƙa'idojin gina manhajojin intanet, tunda yau da su ake rajistar jarrabawa, neman aiki da biyan kuɗin makaranta.

Ƙa'ida ta farko, a gina domin mafi rauni cikin masu amfani. Maginin manhaja yana zaune da kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri, alhali wanda zai yi amfani da aikinsa yana riƙe da waya mai araha, yana lissafin datar da ta rage masa. Duk hoton da aka ɗora don ado, daga aljihun talaka ake biyansa. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta buɗe shafin GOV.UK a 2012, farkon ƙa'idojin da ta gindaya wa ma'aikatanta shi ne a fara da buƙatar jama'a.

Ta biyu, kada wahalar mutum ta tafi a banza. A ƙasarmu yankewar sadarwa abin yau da kullum ne, don haka tilas manhaja ta riƙa adana abin da aka cike a kowane mataki. Haka kuma idan mutum ya danna maɓallin biya sau biyu saboda shafi ya cije, bai kamata a cire masa kuɗi sau biyu ba. Akwai sananniyar dabara: a ba kowane ciniki lamba tasa, in ta sake zuwa a gane cewa an riga an biya.

Ta uku, a karɓi mutum da sunansa. Dalilin ƙin alhamza shi ne tana da ma'ana a harshen SQL da ake sarrafa rumbun bayanai da shi, kuma masu kutse kan yi amfani da ita su cusa umarninsu. Maganin an daɗe da saninsa, wato a raba umarni da bayanan da mutum ya shigar. Malalacin magini ne ke haramta alamar, ya huta. Su ma ƙ da ɗ da ɓ duk suna cikin tsarin Unicode. Shafin da ya mayar da su alamar tambaya sakacin mai shi ne.

Ta huɗu, bayanan jama'a amana ne. Kada a tambayi abin da ba a buƙata, kada a ajiye kalmar sirri a fili. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta wajabta taƙaita abin da ake tattarawa.

Kirana ga shugabannin da ke ba da kwangilar waɗannan shafuka shi ne, kafin ku sa hannu a biya, ku ari wayar masinjan ofishinku ku cike takardar da kanku. Ku kuma sa a gwada ko shafin zai jure cunkoson ranar cikar wa'adi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.